Ginin Coci Da Tarbar Baƙo: Abin Da Idonmu Ya Gani A Wurin Maƙwabta

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a Sabo, Ibadan

 



Da aka ce mu zo mu yi magana a kan coci, mun san akwai waɗanda za su ce a ransu, ina ruwan biri da gada? Mu 'yan kasuwa ne, iyakar karatunmu allo da Islamiyya, ba mu zo yin fatawa ba, wannan aikin malamai ne ga su nan zaune. Abin da ya kawo mu shi ne, tun 1916 aka yanka wa kakanninmu wannan unguwa ta Sabo, kuma tun daga lokacin ƙarar ƙararrawa da kiran salla suke shiga kunne guda kowace safiyar Lahadi. Mai shagon da ke jikin namu Kirista ne, likitan da ke duba iyalinmu Kirista ne, haka wanda muke saro wa kaya a Dugbe ko Gbagi. Kullum ana kawo mana katin ɗaurin aure da na jana'iza. To mutumin da ka shekara ɗari kana zaune da shi, ai bai kamata a ce ba ka san komai game da ɗakin da ya fi daraja a wurinsa ba. Abu biyu muka lura da su, wato yadda suke gina wurin ibadarsu su kula da shi, da yadda suke karɓar wanda ya shigo musu. A cikin biyun nan akwai abin da ya taɓa mu.

Bari mu fara da ginin. Duk wanda ya zaga Ibadan ya ga tsofaffin coci galibi a kan tudu suke. Na Kudeti shi ne uba, nan ne wani Bajamushe mai suna David Hinderer da matarsa Anna suka sauka a 1853, a ƙarƙashin mishan ɗin CMS. Daga nan aka sami na Aremo da na Ogunpa. 'Yan Katolika kuwa har unguwarsu ta ci sunansu, don Oke-Padre ma'anarsa tudun fada. In ka lura da irin waɗannan gine-gine za ka ga bango mai kauri, da tagogi dogaye masu tsini a sama suna fuskantar juna, da rufi can sama. Wannan duk da dalili. Iska mai zafi sama take tashi, saboda haka in rufi ya yi nisa sai ta bar mutane a ƙasa cikin sanyi, tagogin kuma su riƙa jawo sabuwa daga wannan gefe su fitar ta wancan. An yi su ne zamanin da babu lantarki balle fanka, kuma har yau in aka ɗauke wuta mutum ɗari biyar za su zauna ciki ba mai yin fifita da hula. Hasumiyar kuma ta ƙararrawa ce, don a wancan zamani ba kowa ke da agogo ba.

Masu zuwa Ikko saro kaya sun san babban cocin nan na bakin Marina mai hasumiyar agogo. An aza harsashinsa a 1925, kuma Yariman Ingila na lokacin ne ya ɗora dutsen, amma ba a gama ba sai 1946. Ku lissafa, shekara 21 ke nan. Wanda ya ba da kuɗin harsashi wataƙila bai ga rufi ba, ɗansa ne ya ƙarasa. A nan aka mayar da ƙasusuwan Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kama shi bawa yana yaro, ya zo ya zama baƙar fata na farko da ya yi bishop a ɗariƙar Angilika a 1864. In ka shiga da hantsi, rana ta bugi gilashin tagogin nan masu launi, sai ka ga ja da shuɗi da ruwan ɗorawa sun zubo a kan benci kamar an shanya atamfa. Ko ba addininka ba ne, ido zai gaya maka an yi aiki. Haka 'yan'uwanmu na Onitsha suke ba da labarin babban cocin Katolika da ke kan tudu kusa da Kwara, wanda aka gama a 1935.

Amma wanda ya fi ba mu sha'awa yana nan kusa da mu a Samonda, a gidan limaman Katolika da ake kira Dominikan. Wanda ya zana shi, Demas Nwoko, mutumin Idumuje-Ugboko ne ta jihar Delta, kuma a Zariya ya yi karatun zane daga 1957 zuwa 1961. Ya gina shi a farkon shekarun 1970, bai kwaikwayi na Turai ba. Ya yi aiki da dutse da katako da kankare, ya sa ginshiƙai na itace da aka sassaƙa, ya buɗe wa haske hanya ta sama, ya yi kududdufin ruwa a jikin ginin, ya bar wa iska hanyar shiga da fita. A 2023 aka ba wannan dattijo babbar lambar girma ta masu zanen gini a birnin Banis na ƙasar Italiya. Mutane suna tasowa daga ƙasashen waje don su ga wannan gini, mu kuwa muna wuce shi a mota a hanyar Shasha ba mu ko waiwaya ba.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, hannun Musulmi da na Kirista sun sha haɗuwa a kan bango guda. Masallacin Shitta-Bey da ke Ikko, wanda aka buɗe a 1894 har Sarkin Musulmi na Santambul ya aiko wakili, wanda ya jagoranci gininsa shi ne João Baptista da Costa, ɗaya daga cikin Aguda, wato bayin da suka dawo gida daga Birazil, waɗanda yawancinsu 'yan Katolika ne. Magina Aguda ɗin nan su ne kuma suka gina cocin Katolika na farko a tsibirin Ikko. Ga kuma Lamidi Fakeye, mutumin Ila Orangun da ya rasu a 2009, Musulmi ne, amma ya yi shekaru yana aiki da wani fada mai suna Kevin Carroll, yana sassaƙa wa coci ƙyamare da ginshiƙai. Maganar sassaƙa siffar mai rai tana da hukuncinta a wurinmu, mun bar wa malamai, mu dai tarihi muke faɗa.

In mun koma gida kuwa, 'yan Zazzau da ke cikinmu za su shaida. A Wusasa akwai cocin da aka gina a 1929, lokacin da mishan ɗin Likita Mila ya tashi daga cikin birnin Zariya. Da tubali da ƙasa aka yi shi, da bakan gizo a ciki, irin ginin da Babban Gwani ya yi wa masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830. Wanda ya hango shi daga nesa sai ya ce soron wani basarake ne. Wato su ma sun ga kyan namu sun ɗauka. Saboda haka in mun tsaya mun ce wannan gini ya yi kyau, ba mu saki komai na addininmu ba. Gwani gwani ne ko a ina aka same shi.

To yanzu ina kuɗin ke fitowa, kuma me ya sa ginin shekara 80 yake tsaye kamar jiya aka gama? Mun tambayi abokan cinikinmu, kuma amsar ba wani asiri ba ce. Suna da kwamitin gini daban da na kuɗi daban. Abin da aka tara ana ƙirgawa gaban mutane fiye da ɗaya, a rubuta, a kai banki, a karanta wa jama'a lissafi. Suna da ƙungiyoyi na maza da na mata da na samari, kowace da abin da ta ɗauka, wannan ta sayi benci, wannan ta yi fenti. Sau ɗaya a shekara suna bikin godiyar kaka, kowa ya kawo doya ko akuya ko buhun shinkafa, a yi gwanjo, attajiri ya sayi kan ayaba guda da kuɗin da ya fi na buhu don dai asusu ya cika. Mu da ke sayar musu da raguna da albasa a wannan lokaci mun fi kowa sani. Ran Asabar da yamma kuma za ka ga matar da ke da kanti uku ta ɗaura zane tana share dandamali, wani ma'aikacin banki yana yanke ciyawa. Kyan da muke gani daga titi, rabinsa tsintsiya ce da littafin lissafi.

Ba dukansu ne masu kyau ba, kada a ce mun yi zuƙu. Akwai na langa-langa a kowane lungu, akwai shago da aka mayar coci da lasifika huɗu. Akwai kuma manya na zamani irin na Ota da aka buɗe a 1999, mai cin mutum 50,000, wanda girmansa ne abin kallo. Girma daban, kyau daban. Mu dai abin da ya fi kama mana ido shi ne wanda aka gina da natsuwa aka kuma riƙe shi da tsabta.

Sai magana ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi, wato tarbar baƙo. Da yawanmu mun taɓa raka abokin ciniki ɗaurin auren 'yarsa ko jana'izar mahaifiyarsa. Tun daga bakin ƙofa akwai mutanen da aikinsu ke nan, su tsaya su tari duk mai shigowa. Suna ganin babbar riga da hula sun san ba nasu ba ne, amma sai ka ji “E kaabo, Alaji,” a miƙa maka takardar tsarin taro, a kai ka har wurin zama, sau da yawa ma a gaba. In ka ce a waje za ka tsaya, a kawo maka kujera ƙarƙashin rumfa ba tare da an ɓata rai ba. Lokacin cin abinci wani zai zo ya raɗa maka cewa saniyar Musulmi ne ya yanka, don sun san abin da ke ranka. In azahar ta yi, mun sha ganin an nemo buta da tabarma an nuna mana gefe mai tsabta. A ranar ibadarsu ta mako kuma, al'adar da yawansu ce a ce duk wanda yau ne farkon zuwansa ya miƙe, a yi masa maraba, a rubuta sunansa da inda yake zaune, cikin mako wani ya je ya gaishe shi. In ba shi da lafiya a je asibiti, in aiki yake nema a sanar.

Mu faɗi gaskiya, wannan tarba tana da manufa. Suna son wanda ya zo ya zauna ya zama nasu, kuma ba su ɓoye ba. Mu ma in baƙo ya zo masallaci ai fatanmu ke nan. Saboda haka Musulmi ya san iyakarsa. Mu je mu yi murna ko ta'aziyya, mu zauna da ladabi, kada mu yi surutu ko dariya lokacin da suke addu'a, amma ba ma durƙusawa inda suke durƙusawa, ba ma karɓar gurasar da suke rabawa a gaban bagadi, ba ma amsa abin da ya saɓa wa tauhidi. Masu hankalinsu ba sa jin haushin wannan, sun fi ma girmama wanda ya riƙe nasa. Malamai sun yi bayani mai faɗi a kan shiga irin waɗannan wurare, wasu sun sauƙaƙa in da dalili, wasu sun ƙi musamman inda akwai siffofi, kowa ya tambayi malaminsa kafin ya tafi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tsaya a rumfa, ya isar da gaisuwa. Sai kuma a san al'adar wuri. A wasu ana son namiji ya cire hula, in ba za ka iya ba ka zauna waje. A na masu fararen riguna irin su Sele kuwa takalmi ake cirewa a ƙofa kamar yadda muke yi.

Kuma kada mu manta, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin darajar wannan hali. Lokacin da aka tsananta wa sahabbai a Makka, shekara biyar da fara wahayi, ƙasar Habasha aka tura su wurin Najjashi, alhali ƙasar Kiristoci ce, ya karɓe su ya hana a mayar da su. Sayyidina Umar da ya karɓi birnin Ƙudus, malaman tarihi sun kawo cewa ya ƙi yin salla a cikin babban cocinsu, don kada na baya su fake da wannan su ƙwace musu. A zamaninmu ma, a watan Yuni na 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ya ɓoye mutum fiye da 200, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. Wannan gadonmu ne, ba aro muka yi ba.

Jama'a, wannan magana ba ta nishaɗi ba ce kawai. A 1986 an yi ta-ta-ɓurza a Jami'ar Ibadan a kan gicciyen da ke tsaye kusa da masallaci, har sai da aka gina katanga ta tsare shi daga idon masu salla, aka zauna lafiya. A watan Fabrairu na 2021 mun ga yadda 'yar hatsaniya ta cinye kasuwar Shasha, aka yi asarar rayuka da dukiya, kuma a cikinmu nan akwai waɗanda a gidan maƙwabta Yarabawa suka kwana a ranakun, Musulmi da Kirista. Wanda ya buɗe maka ƙofa a irin wannan dare, ai wanda ya san fuskarka ne tun ana zaman lafiya. Ran 5 ga Yuni 2022 kuma 'yan bindiga suka shiga cocin Katolika a Owo ana cikin ibada suka kashe kimanin mutum 40. Mu da aka kashe mana fiye da mutum 100 a babban masallacin Juma'a na Kano a watan Nuwamba na 2014 mun san zafin wannan. Tun daga lokacin coci da yawa sun sa masu bincike a ƙofa. In ka je aka ce a duba jakarka ko aljihunka, kada ka ɗauka don kai Bahaushe ne aka wulaƙanta ka, ka miƙa da fara'a. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

To mu waiwayo gida. An san Sabo da karɓar baƙo tun asali. Fatake masu shanu da masu goro in sun sauka, maigida ne ke ba su ɗaki da tuwo, ya tsaya musu a ciniki, ya ajiye musu kuɗi. Har wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a nan ya rubuta littafi a kai, aka buga a 1969. Yau fa? Kullum tirela tana sauke yara daga Sakkwato da Katsina da Jigawa, wannan zai yi acaba, wannan wankin takalmi, wannan ga-ruwa. Yaro zai yi wata uku yana bin sahu a masallacinmu ba wanda ya tambaye shi sunansa ko inda yake kwana. In ya faɗa hannun 'yan ƙwaya, ko aka kama shi a wani laifi, sunanmu duka ke ɓaci, kuma ranar rikici ba a tambayar wa ya yi wa bai yi ba. Ga kuma 'yan Arewa Kiristoci, mutanen Kudancin Kaduna da Filato da Bauchi da Gwambe, waɗanda da Hausa suke ibadarsu a nan Kudu. A idon mutanen gari mu da su duk Hausawa ne, abin da ya same mu ya same su, amma da wuya mu gayyace su irin wannan zama.

Masallatanmu kuma, Alhamdu lillahi ana ginawa, kuma masu hali suna ƙoƙari. Sai dai mu duba wurin alwala, mu duba makewayi, mu duba tabarmi da fankar da ta shekara ba ta juyawa. Addinin da ya sa tsarki a gaban salla bai kamata a ce ana toshe hanci a ƙofar ɗakinsa ba.

Saboda haka muna roƙon ƙungiya da abu huɗu. Na farko, kowane masallaci ya sa mutum biyu masu sakin fuska waɗanda bayan sallar isha'i za su nemi sabuwar fuska, su gaishe shi, su rubuta sunansa da garinsu da sana'arsa, su haɗa shi da mutanen garinsu. Na biyu, a yi kwamitin gyara mai ma'aji da littafi da rasit, a karanta lissafi duk ƙarshen wata bayan sallar Juma'a, don mai ba da naira ɗari ya san inda ta shiga. Na uku, samari su ɗauki safiyar Alhamis ko ta Juma'a don shara da wanke wurin alwala, mu kuma 'yan kasuwa mu ɗauki nauyin sabulu da tsintsiya da ruwa. Na huɗu, shugabanni tare da malamai su riƙa kai gaisuwa ga limaman cocin da ke kewaye da mu, a yi musayar lambar waya, in an yi musu rashi a je, in muna da walima ko buɗe masallaci a gayyace su a ba su wurin zama mai kyau, yadda in wata jita-jita ta tashi da dare akwai wanda za a kira kafin gari ya waye.

Iyayenmu sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, sun kuma ce baƙonka annabinka. Mu baƙi ne a ƙasar nan, mu ne kuma masu masaukin waɗanda ke biyo bayanmu.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya tsare mana imaninmu da na 'ya'yanmu, Ya sa albarka a kasuwa, Ya jiƙan iyayenmu da suka kafa wannan unguwa. Ranka ya daɗe, Allah Ya ja zamaninka. Malamai, abin da muka faɗa ba daidai ba a gyara mana.